Aleida Boerema, Wadda Ta Koya wa Ƙafata Ɗagowa

Ranar Litinin, uku ga watan Maris na shekarar 2025, da misalin ƙarfe goma na safe, Allah ya yi wa Malama Aleida Boerema rasuwa a gidanta da ke bakin gada a nan ƙauyen Oldum, bayan jinyar ciwon daji ta kusan shekara guda. Shekarunta sittin da bakwai. Talatin da takwas daga cikinsu ta yi su ne tana aikin gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, a wani ɗaki mai gado biyu da dogon madubi a bayan kantin magani. Ina durƙushe a kan yashi, ina jera bulo a gaban makarantar firamare, sai na ji ƙararrawar coci ta fara bugun nan mai jinkiri da kowa ya san ma'anarsa. Ban tambayi kowa ba. Na ajiye guduma, na cire hula.

Sunana Harko Dijkema. Sana'ata shimfiɗa bulo a tituna, kuma tun da na bar makaranta ban rubuta abin da ya wuce takardar neman hutu ba. 'Yarta Marije ce ta ce in rubuta wani abu a mujallar ƙauye, na ce akwai waɗanda suka fi ni iya magana, ta ce su ma za su rubuta nasu. Don haka, Malama, da ke zan yi magana kai tsaye, kuma zan fara da abin da ya fi yi mini nauyi.

Wata biyar na ƙarshen rayuwarki ban zo duba ki ba ko sau ɗaya. Ba nisa ne ya hana ni ba. Kullum da ƙarfe bakwai saura kwata ta gaban gidanki nake wucewa a ƙafa, in haye gada zuwa inda muke ajiye motar aiki. Abin da ya hana ni shi ne ƙafata ta hagu, wadda kika sha wahalar shekara guda a kanta, ta koma marin ƙasa tun watan Oktoba. Na san kunnenki. Na san kafin in kai bakin gadonki kin riga kin ji. Na gaya wa kaina cewa ba na son in ɓata wa mara lafiya rai, amma gaskiyar maganar kunya ce, irin ta yaron da ya yi wasa da abin da aka sha wahala aka ba shi.

Da yammacin ranar da kika rasu, mijinki Tammo ya zo gidana da takarda a hannu. Ya ƙi zama, ya ƙi shan kofi.

"Harko, ta bar wasiyya. Ta ce ba maƙwabta za su ɗauke ta ba."

Na dube shi, don a Oldum gidaje shida mafi kusa su ke ɗaukar mamaci tun zamanin kakanni.

"Ta nemi afuwarsu tun tana da rai," in ji shi. "Mutum shida ta rubuta, duk waɗanda suka bi ta hannunta. Kai ne a gaba, ɓangaren hagu."

"Tammo, don Allah ka ba wani. Ƙafar nan tawa..."

"Ni ɗan aike ne. In kana da ƙorafi, ai ka san inda take kwance." Ya naɗe takardar ya sa a aljihu. "Asabar, ƙarfe sha ɗaya."

Bayan ya fita na zauna ina tunanin hanyar. Cocinmu a kan tudu take, kuma daga ƙofar shinge zuwa maƙabarta hawa ne mai lanƙwasa. Ni na shimfiɗa bulon hanyar da hannuna shekara goma sha biyu da suka wuce, na san kowane taku nata. Mai jan ƙafa ba abin da yake tsoro kamar hawa, domin ƙasa tana tasowa ta tarbi yatsunsa. Idan na yi tuntuɓe ni kaɗai, gwiwa ce za ta goge. Idan na yi tuntuɓe ranar Asabar, ke ce za ki faɗi a gaban mijinki da 'ya'yanki da dukan ƙauye.

Bari in koma farko, saboda waɗanda ba su san yadda muka haɗu ba.

A watan Afrilu na 2006 ana sauke mana bulo, sai kaya guda ya zame daga kan mota ya buge ni a gefen gwiwar hagu. A asibitin birni aka gyara gwiwar, ƙashi ya koma mazauninsa, amma ƙafar daga idon sawu zuwa yatsu ta rataye. Ina iya danna ta ƙasa, ba na iya ɗago ta sama ko kaɗan. Don kada yatsu su ja ƙasa, sai na riƙa ɗaga gwiwa da ƙugu a kowane taku, sannan tafin ƙafar ya sauka fat a lokaci guda. Abokin aikina Ubbo, wanda muka yi shekara ashirin muna durƙusawa kafaɗa da kafaɗa, ya raɗa mini suna Shamuwa. Aka ba ni wani tallafi na roba da ake sa wa a cikin takalmi, aka ce in jira ko jijiya za ta farfaɗo. Na jira wata goma sha ɗaya. Duk ranar da na ajiye robar saboda tana cin fatata, sai na faɗi. Na faɗi a gaban gidan burodi, a kan titin da ni na shimfiɗa shi, a kan bulon da bai fi ɗan'uwansa tudu da kaurin kwabo ba. Ina da shekara arba'in da biyu, ban iya wata sana'a ba, kuma na fara ƙin fita daga gida.

Ranar da na fara shiga ɗakinki kin juya baya kina wanke hannu. Ba ki waiwayo ba kika ce, "Ƙafar hagu ce. Kuma ka daina ɗaga ƙugu haka, ba rami kake tsallakawa ba." Na tsaya a bakin ƙofa riƙe da hula, ina tunanin ko wani ya riga ni kawo miki labari. Daga baya na gane haka kike da kowa. Kafin mutum ya ƙarasa barandarki kin san abin da ya kawo shi.

Likitoci sun sha yi mini bayani, ina gyaɗa kai ba tare da na fahimci komai ba. Ke kuwa sai kika naɗe wandonki zuwa gwiwa, kika ɗora ƙafarki a kan kujera, kika kama yatsana kika ɗora shi a gefen ƙashin ƙwaurinki, ta waje. Kika ɗago yatsun ƙafa, na ji wani nama ya kumbura ya yi tauri a ƙarƙashin yatsana, kuma wata igiya ta fito ɓaro-ɓaro a gaban idon sawu. Kika ce wannan ita ce tsokar gaban ƙwauri, aikinta biyu ne. Tana ɗago ƙafa yayin da take cikin iska don yatsu su wuce ƙasa, sannan idan dunduniya ta sauka, ita ke riƙe tafin ƙafa ta sauke shi a hankali. Aikin farko shi ke hana tuntuɓe, na biyu shi ke hana ƙarar nan da nake yi. Kika ce tawa tsokar ba ta yi laifin komai ba. Jijiyar da ke kai mata saƙo tana zagayowa ne ta kan wani ɗan ƙullutun ƙashi a ƙasan gwiwa ta waje, fata kaɗai ke rufe da ita, kuma daidai nan bulo ya same ni. Saƙo ya daina zuwa, tsoka ta zauna ba aiki har ta rame.

"To shi ke nan, ta mutu?" na tambaye ki.

"Wannan ta yi ritaya," kika ce. "Amma tana da maƙwabciya."

Sai kika nuna mini bayan ƙwauri. Kika ce can ciki, ƙarƙashin naman sha-raɓa, manne tsakanin ƙasusuwan nan biyu, akwai wata tsoka da ba a gani kuma ba a taɓawa. Igiyarta tana bi ta bayan idon sawu na ciki ta kama ƙarƙashin tafin ƙafa. Ita ke karkatar da ƙafa ciki, ita ke tallafe lanƙwasar tafi. Jijiyarta dabam ce, ta baya take bi, bulo bai same ta ba. Kika ce likitan fiɗa zai iya kwance igiyar daga mazauninta, ya zura ta tsakanin ƙasusuwan biyu ta ɓullo gaba, ya ɗinke ta a bayan ƙafa, wato samanta. Daga nan duk lokacin da ta ja, sama za ta ja. Ke kika rubuta wa likitan, ke kika yi ta buga waya har aka ba ni rana.

Bayan tiyata na yi mako shida ƙafa a cikin simintin asibiti. Ranar da aka cire, matata, mai suna Ina, ta kawo ni ɗakinki, kika zaunar da ni a gaban madubi kika ce in ɗago ƙafa. Na yi yunƙuri har jijiyar wuyana ta fito, ƙafar ko motsi. Na ce a raina an yanka ni a banza. Ke ko a jikinki.

"Ai na sani. Tsohuwar tsokar kake kira, ita kuwa ba ta gida," kika ce. "Kar ka ɗaga. Juya ta ciki, kamar za ka duba ko ka taka kashin kare."

Na yi dariya duk da halin da nake ciki, na juya ta ciki. Ƙafar ba ta juya ba. Sama ta yi. Ɗan kaɗan ne, bai fi faɗin yatsa biyu ba, amma na gan shi a madubi da idona, karo na farko cikin fiye da shekara. Matata ta fashe da kuka. Ni ma hawaye ya zubo mini, ba na jin kunyar faɗa. Kika duba agogo kika ce, "Ba laifi. Sake yi, sau goma." Duk wanda ya san mutanen yankinmu ya san ba a yabon da ya wuce haka.

Na ɗauka an gama, ashe lokacin aka fara. Tsokar nan ta shekara arba'in da biyu tana aiki a lokacin da ƙafa ke dafe da ƙasa, yanzu kuma ana so ta yi aiki a lokacin da ƙafa ke cikin iska. Kika ce kamar mai gadin dare ne aka mayar da shi aikin rana, zai daɗe yana gyangyaɗi a lokacin da bai kamata ba. Sau uku a mako nake zuwa. Ina tafiya a barandarki tsakanin sanduna biyu, kina biye da ni kina cewa "ciki, ciki" a duk takun hagu. Kika hana ni kallon ƙasa. Kika ce ba da ido ake tafiya ba, kuma ranar da na daina tunanin ƙafar gaba ɗaya, ranar na warke.

A mako na goma bayan tiyata na yi wautar da sai mai irin sana'armu zai yi ta. Kin ba ni dokoki: ban da tafiya mai nisa, ban da ɗaukar kaya, ban da ɗage a kan yatsu. Na kiyaye su duka. Amma Ubbo yana ta fama shi kaɗai a dandalin kasuwa, sai na ce bari in je in jera masa bulo na awa biyu, ai a durƙushe ne. Mu a wurinmu durƙuso ba aiki ba ne ga ƙafa, hutu ne. Muna sa gwiwa a yashi, mu shimfiɗe bayan ƙafa a ƙasa, mu zauna a kan dunduniya. Ban taɓa tunanin cewa wannan zama yana miƙe ƙafa ƙasa iya miƙewa, da nauyin jiki duka, daidai inda aka yi sabon ɗinki ba. Washegari bayan ƙafar ya kumbura ya yi zafi.

Kina cire mini safa yashi ya zubo a kan farin zanen gadonki.

"Malam Dijkema," kika ce, kuma ba ki kirana haka sai ranki ya ɓaci. "Likita ya yi awa uku yana ɗinki. Tsokar nan ta bar gidanta saboda kai. Kai kuma ka samu wuri ka zauna a kanta?"

"Ai ba tafiya na yi ba, Malama. Durƙuso ne kawai."

"Nuna mini."

Na sauko ƙasa na fara nuna miki da ƙafar dama. Kika sunkuyo kina duba yadda ƙafar ta shimfiɗe. Na shirya shan faɗa, sai na ji kin ce, "Tashi. Wannan laifina ne. Shekara nawa ina wuce ku a titi, ban taɓa kallon ƙafafunku ba." Na sha ganin masu ilimi, amma ban taɓa jin wani ya faɗi haka ga lebura ba.

Washegari ana yayyafi kika zo dandalin kasuwa a kan kekenki, kika tsuguna a bayan Ubbo kusan awa guda kina kallon yadda yake durƙusawa, yadda yake ja da baya, yadda yake tashi. Ubbo ya ba ni labari cewa ya ce miki, "Malama, in dai bayana kike sha'awa, da kin faɗa na sa wando mai kyau." Kika ce masa, "Yi aikinka. Gwiwarka ta dama ma nan da shekara goma za ta zo hannuna." Shekara tara ta yi.

Allah ya taimake ni ɗinkin bai tsinke ba, amma igiyar ta ɗan saki, na yi asarar wani abu daga ɗagowar da ba ta dawo ba har yau. Kika hana ni durƙuso wata uku cur. A cikin watannin nan kika sa Tammo, da yake kafinta ne, ya sassaƙa mini wani ɗan katako mai maɗauri da ake ɗaurawa a ƙarƙashin ƙwauri, yadda idan na durƙusa ƙafar za ta tsaya a kan yatsu, ba za ta shimfiɗe ba. Sau huɗu kina mayar masa da shi kina cewa bai yi ba. Da shi na koma aiki a farkon shekarar 2008, na ajiye robar asibiti ban sake neman ta ba, kuma na ci gaba da ciyar da iyalina da sana'ar da na iya. Abin da kika yi mini ke nan, kuma ban san da wace kalma ake biyan irinsa ba.

Ba ni kaɗai ba ne. Manoman da saniya ta take, tsofaffin da aka canza wa ƙugu, matan da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, kowa yana da nasa labarin. Ba ki da daɗin baki, wannan kowa ya shaida. Ba ki taɓa ce wa mutum zai warke ba idan ba ki da tabbas. Godiya ma ba ki iya karɓa ba, sai ki kau da kai ki hau gyaran gado. Amma idan mutum ya daina zuwa saboda karaya, kekenki zai gani a ƙofar gidansa. Lokacin da matata Ina ta rasu shekara shida da suka wuce, ba ki yi mini doguwar magana ba. Kika zo ranar Lahadi kika ce in sa takalmi, muka bi bakin rafi muka yi tafiyar awa biyu ba wanda ya ce uffan, kika maido ni gida.

Kin ce in riƙa motsa ƙafar kowace safiya na minti biyar, har ƙarshen rayuwata. Na yi shekara uku ina yi, sannan na koma wata rana in yi wata rana in bari, sannan na bari. Ƙafar ta ci gaba da aiki, na ɗauka ta gama koyo. A watan Oktoba ciwon huhu ya kwantar da ni mako uku. Da na tashi, sai na ji ƙarar nan a kan bulo, fat, fat, kuma na ga bakin takalmina na hagu ya fara gogewa. A daidai lokacin ne aka ce an dawo da ke gida daga asibiti, ba sauran magani.

To, bayan tafiyar Tammo kwana biyar ya rage mini. Kwana biyar ba ya gina tsoka, wannan na sani. Abin da zan iya kawai shi ne in tuna mata. Na ɗauko madubin marigayiya matata na jingina shi da bango, na zauna a kujera kamar ranar farko, safe, rana da yamma. Ubbo ma yana cikin shidan saboda gwiwarsa, kuma shi aka sa a bayana. Da yamma bayan aiki muka riƙa ɗaukar wani dogon katako da buhunan yashi biyu a kafaɗa muna hawan hanyar coci.

"Mu shida, ƙafa goma sha biyu, masu lafiya bakwai," in ji Ubbo. "Matar nan ko a mace sai ta ba mu aikin gida."

"Yi shiru ka daidaita taku."

"Kai Shamuwa, me zai hana ka ɗaga gwiwa kawai irin ta dā? Wa zai kalli ƙafarka?"

Muka gwada. Duk lokacin da na ɗaga ƙugu sai katakon ya karkata, buhu ya zame. Akwatin gawa a kafaɗar mutum shida ba ya son ɗingishi, dole kafaɗa ta tsaya daidai, ƙafa ta yi aikinta ita kaɗai a ƙasa. Ranar Laraba a lanƙwasa yatsuna suka kama, na tafi gaba da gwiwa, buhu ɗaya ya fashe a kan hanya. Ubbo bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Ranar Alhamis na zo da igiya da ma'auni na bi hanyar tun daga ƙofa, ina fatan in samu laifi a wurinta. Bulo uku kacal saiwar itace ta ɗan ɗaga, na buga su suka koma. Sauran hanyar daidai take. Ranar Juma'a muka hau sau shida ban kama ba, amma na san buhun yashi dabam, ke dabam.

Asabar ruwa ya ɗauke da safe, iska ta tsaya. Cocin ta cika har waje. Bayan addu'a aka fito da ke ta ƙofar shinge kamar yadda aka saba, muka ɗora ki a kafaɗa. Ba ki da nauyi, Malama. Ciwo ya cinye ki, kin fi buhunan nan sauƙi nesa ba kusa ba, kuma wannan ya kusa karya mini zuciya tun kafin mu ɗaga ƙafa. Akwatin ya rufe mini gefen fuska, kaina a miƙe, ba halin kallon ƙasa ko da na so. Ƙararrawa ta fara. Na ce a zuciyata "ciki", ƙafar ta ɗago, dunduniya ta sauka. Na sake cewa "ciki".

Taku ɗari da sittin da uku ne daga ƙofa zuwa kabari. Wajen na ɗari, a lanƙwasa inda hawan ya fi tsanani, ƙwaurina ya fara zafi ta ciki, na ji bakin takalmi ya goge bulo, ƙyar. Akwatin ya ɗan girgiza. Daga bayana Ubbo ya ce a hankali, "Ciki, Shamuwa. Ciki." Ya ci gaba da faɗa mini a duk takun hagu har muka kai. Muka sauke ki a kan katakan bakin kabari ba tare da kin karkata ba.

Zan gaya miki gaskiya. A dukan hanyar nan ban yi tunaninki ba ko sau ɗaya. Ban ji waƙar da ake yi ba, ban ga fuskar kowa ba. Wata tsoka da ban taɓa gani ba, can tsakanin ƙasusuwa biyu, ita kaɗai ce a raina. Sai da na miƙe na ja da baya sannan na tuna wadda na ɗauko, kuka ya zo mini a lokaci guda.

Bayan binnewa aka taru a zauren ƙauye ana shan kofi da kek. Na samu Tammo a tsaye kusa da taga, na ce masa ina da abin da zan faɗa, na fara ba shi haƙuri a kan rashin zuwana. Ya katse ni.

"Ai kullum kana zuwa," in ji shi. "Bakwai saura kwata."

Na ajiye kofina a bakin tagar.

"Tun Oktoba ta ji ka. Ta ce, 'Harko ya daina motsa ƙafa, ji yadda take marin ƙasa.' Daga ranar kullum sai ta sa na buɗe mata taga, cikin sanyin nan, na ce za ta kashe mu duka. Wata rana ta ce ka gaji, wata rana ta ce yau da sauƙi, ka yi barci sosai. Na ce bari in kira ka, ta ce a'a, kunya kake ji, in ka shirya za ka shigo."

"To me ya sa ta zaɓe ni, tana sane?"

"Ta ce kai ba ka ɗaga ƙafa don kanka. Sai an ɗora maka kayan wani." Ya juya kofin a hannunsa. "Kuma ta ce kai kaɗai ne majinyacin da ya rage mata."

Malama Aleida, na yi wata biyar ina ɓoye miki ƙafata don kada ki ga aikinki ya lalace, ashe kina kwance kina jiran in kawo miki ita. Da na shigo, da kin kira ni Malam Dijkema, kin wanke ni tas, kin sa Tammo ya ɗauko madubi. Da kin samu aikin yi da hannunki a kwanakin da aka raba ki da komai. Na hana ki wannan, kuma ba zan iya gyara shi ba.

Ubangiji Allah ya ji ƙanki, ya yi miki rahama, ya ba ki hutawa bayan doguwar wahala. Ya saka miki da alheri a kan kowane mutum da kika tayar ya tsaya da ƙafarsa, waɗanda suka gode da waɗanda ba su gode ba. Ya yafe miki kurakuranki, ya haskaka makwancinki.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Tammo, wanda ya yi jinyarki shekara guda bai taɓa ƙorafi a gaban kowa ba, ga 'yarki Marije da ɗanki Sibo, da jikokinki uku, da mutanen Oldum baki ɗaya. Allah ya ba ku haƙuri da juriyar wannan rashi, ya bar zumunci a tsakaninku.

Ni kuma, Malama, ina roƙon Allah ya yafe mini, ke ma ki yafe mini. Jiya da safe na tsaya a gaban gidanki na auna. Daga titi zuwa ƙofarki taku tara ne.